Bulon Gilashi Ashirin a Ɗakin Inna

Ni ɗan fari ne. Sai na fara da wannan, in ba haka ba mai karatu zai ɗauka wauta ce zalla ta sa ƙaton mutum mai furfura a gemu ya kwashe sati bakwai hankalinsa a tashe saboda taga. Wautar tana nan, ba na musu, amma ba ita kaɗai ba ce.

Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta kallon idona, ba ta yi mini magana kai tsaye. Kakata ce ta raine ni a unguwar Guéma, nan Parakou, yadda ake yi wa 'ya'yan fari a gidanmu, ita kuwa Inna bayan rasuwar mahaifinmu ta koma Djougou wajen ƙanwata. In na je gaishe ta, in durƙusa bakin ƙofa in ce ina kwana, sai ta amsa wa bango. In tana da saƙo, ta ce da ƙanwata, "Ki gaya wa mutumin nan hularsa ta yi dauɗa," alhali ga ni zaune, tsakaninmu bai wuce taku uku ba. Ni ma in juya in ba ƙanwata amsa. Haka muka yi shekara sittin da 'yan kai. Ba faɗa ba ne, ba gaba ba ce, kunya ce, kuma a danginmu ba wanda ya taɓa ganin abin mamaki a ciki.

Karatuna aji uku ne, shi ma na ukun rabinsa a bayan katangar makaranta na yi shi. Aikina na duniya kamasho ne a tashar manyan motoci ta Gare, in haɗa mai kaya da mai mota. Baki ne jarina. Na iya sa mutum ya yarda da abin da ni kaina ban gama yarda da shi ba, kuma da wannan bakin na gina gida a Tourou, can bakin gari inda awaki suka fi mutane yawa.

Da idon Inna ya fara yana, ƙanwata ta aiko cewa tsohuwa ta yarda ta dawo Parakou wajena, kusa da likitan ido. Sharaɗinta ɗaya: ba ta zama ɗakin da tagarsa ke kallon titi. Ba za ta tsufa ta zama abin kallon masu wucewa ba. Ɗakin da na ware mata kuwa bangonsa na gabas shi ne bakin titi, sai na sa aka ɗaga shi sumul ba ko huda. 'Yar tagar da ke cikin gida rumfa ta tare ta. Ranar da aka gama rufi matata ta shiga da tsintsiya, ta fito tana lalube.

"Malam, ɗaki ka gina wa Inna ko rumbu? Ni mai ido biyu ban ga ƙafata ba."

Maginin da ya yi mini aikin mutumin Djougou ne, maso muke ce wa magina a nan, dogo mara yawan dariya, Hausarsa da ɗanɗanon yaren Dendi. Shi ya ce akwai magani: bulon gilashi. Haske ya shiga, ido bai shiga ba. Ya kai ni wani shagon kayan gini a cikin gari, mai shago ya jera mana iri huɗu a kan kanta. Akwai garau, wanda in ka leƙa kana ganin mutum har da haƙorinsa. Akwai mai hazo kamar an shafa masa koko, wannan yana cin haske. Akwai shuɗi, wanda raina ya biya, amma maso ya ce zai mai da tsohuwa kamar kifi a ƙasan ruwa. Sai na huɗun, mai tsari kamar igiyar ruwa. Na sa mai shago ya riƙe shi a fuskarsa, na ce ya yi mini gwalo. Ya rantse ya yi, ni kuwa ban ga komai ba sai wani abu mai motsi kamar inuwar kaza. Na ce to shi ke nan, wannan za a ba ni, guda ashirin, jeri huɗu biyar-biyar.

Kafin a ɗaure kayan na ajiye ɗaya a ƙasa na hau kansa da ƙafa biyu. Na yi tsalle. Bai ce uffan ba. Maso, wanda ke kirana Patron, wato maigida, ya dube ni ya ce, "Patron, kada wannan ya ruɗe ka. Gilashi ba ya ɗaukar bango. Sai mun fara zuba lanto." Lanto ita ce gadar kankare da rodi da ake yi bisa ƙofa ko taga, ta ɗauke nauyin abin da ke sama. Ya ce za a tokare rufi, a zuba ta, a bar ta ta bushe sosai, sannan a fasa ƙasanta a jera gilashin. Ya sa aka haɗo mini da wasu 'yan robobi masu kama da gicciye, da siraran rodi, da wani dogon soso. Robobin na tsakanin bulo da bulo ne, rodin na cikin simintin jeri, soson kuwa a zagaye shi a gefe da sama, don gilashi in ya sha rana yana miƙa, dole a bar masa wurin miƙar.

Na ce to, to, to. Irin to ɗin da nake ce wa direba in yana ba ni labarin injinsa.

Kwana biyu bayan nan mahaifin maso ya rasu, ya tafi Djougou, ya ce ba shi dawowa sai bayan sadakar arba'in. Inna kuwa an riga an sa ranar zuwanta, kwana tara kafin azumi. Na zauna ina kallon bulon nan ashirin a zaure. Na ce a raina, wata huɗu ina tsaye kan magina, mene ne ban gani ba? Abin da ya ɗauke ni da tumbina har na yi tsalle, shi ne zai kasa ɗaukar bulon siminti jeri biyar? Matata ta tafi suna Guéma za ta kwana biyu. Na ɗauko guduma.

Na fasa bangon da hannuna, kuma wallahi na fasa shi da kyau, kusurwa huɗu cif. Robobin nan na ga ba su da amfani sai ɓata lokaci, na zuba su a gwangwani. Rodin na ɗaure ƙofar garken awaki da shi. Soson na cusa shi a sirdin babur ɗina da ya lotse, har yau ina jin daɗinsa. Na kwaɓa siminti mai ƙarfi, na jera gilashi, na kai jerin sama, na ɗura siminti a ratar da ta rage ina dannawa da sanda har sai da ko allura ba ta shiga. Ina yi ina yaba kaina: a bar rata, kunama ta samu ƙofa?

Sai abin da ya fi duka muni, wanda in na tuna har yanzu nake jin kunya. Na san in maso ya dawo zai duba, matata ma ta ji maganar lanto da kunnenta ranar da aka kawo kayan gida. Na ɗauki katako biyu na buga a saman tagar, na shafa filasta mai kauri a tsakaninsu, na goge shi sumul. Da ya bushe, wanda ya gani duk zai rantse gadar kankare ce. Lanto ta zane na yi. Da matata ta dawo na ce mata wani maso na samo daga Gare, ya yi aikin ya wuce Malanville.

Inna ta iso da la'asar, aka yi addu'a, aka raba ƙosai da goro, ta shiga ɗakinta. Washegari da hantsi na zo gaisuwa na durƙusa bakin ƙofa, sai na ga abin da ban taɓa gani ba. Rana ta bugi gilashin, ɗakin ya cika da wani haske mai laushi, yana rawa a bango kamar hasken bakin kogi. Alƙibla ta nan gefen take, don haka Inna ta shimfiɗa buzunta daidai ƙarƙashin tagar. Tana zaune tana juya tafin hannunta, tana kallonsa gaba da baya. Matata na tsaye da kwanon koko. Inna ta ce, "Ki gaya wa mutumin nan ɗakin ya yi haske. Allah ya haskaka masa."

Shekara sittin ban taɓa samun irin wannan daga bakinta ba. Na fita bayan gida na share idona da hula, na hau babur na tafi Gare na ba kowa labarin ni na zaɓi gilashin.

Tun daga ranar ba ta bar wurin ba. Nan take salla, nan take lazimi, nan take tsintar wake, da rana ta kishingiɗa nan. Ran nan ta sa aka sayo mata allura, ta zura zare da kanta, abin da ta ce ta yi shekaru ba ta yi ba. Sai ta aika a kawo mata babbar rigata fara, wadda wuyanta ya zare, ta ce za ta sake mata aiki.

Kwana goma sha biyu da kama azumi, ina tsakar gida ina gyara kacar babur, rana ta ɗaga, na ji ƙas! Ƙara ce 'yar ƙarama, kamar an taka ƙashin kaza. Matata ta ce yaran unguwa ne da danƙonsu. Na zagaya titi. Ba kowa sai wata tunkiya. Bulo na biyu a jerin sama ya tsage daga kusurwa zuwa kusurwa, tsagar fara fat kamar zaren gizo. Na tsaya ina kallonta, bakina da ma a bushe yake da azumi, ya ƙara bushewa.

Na ce wa kaina ɗaya ne, wataƙila da ma da ciwonsa ya zo daga shago. Bayan kwana huɗu na kusa da shi ya amsa. Shi ma da hantsi, daidai lokacin da bango ya ɗauki zafi. Daga nan na zama mai gadin rana. Mutane suna tsoron duhu, ni safiya nake tsoro. In na idar da asuba sai in zauna ina duban gabas, ina roƙon gajimare kamar manomi. In rana ta fito tas, sai in zagaya titi in duba gilashin. Na daina zuwa Gare da wuri. Ina zaune kusa da ƙofar Inna, kunnena a bango, ina yi kamar ina jan carbi, alhali ban san ko a ƙwaya ta nawa nake ba.

Sai lanton ƙaryata ita ma ta tsage a tsakiya. Daga kanta wata tsaga ta hau sama tana bin layin bulo, hawa-hawa kamar matakala, ta nufi inda katakon rufi ya zauna. Ranar farko tsinken tsintsiya ne ke shiga. Bayan sati ɗaya ashana. Da aka yi Salla na gwada makullin babur, ya shige har wuya. Na kwaɓa ɗan siminti na toshe daga waje, na shafa ƙasa don kada a gani, kwana biyu ta sake buɗe baki.

Wata safiya matata ta fito da buzun Inna tana kaɗewa.

"Malam, ko gara ce ta shiga rufin nan? Kullum sai na share yashi a kan buzun Inna. Yau har a ɗankwalinta."

Na ce gara ce. Na ji muryata kamar ta wani.

Mai hankali a nan zai faɗi gaskiya. Ni ɗan kamasho ne, sai na shiga dabara. Na ce da matata ta gaya wa Inna za a fesa maganin gara, ta koma ɗaya ɗakin na sati guda. Amsa ta dawo: gara ba ta cin mutum. Na ce an ga maciji ya shiga ta ƙarƙashin ƙofa. Amsa ta dawo: a Djougou tare suke kwana, in bai taɓa ta ba ba ta taɓa shi. Na ce zafin gilashin yana ƙara wa ido ciwo, likita ne ya faɗa. Inna ta ce a tambayi likitan ko shi ke zura mata zare. Har na kai ga shirya cewa alƙiblar ta karkace, a juya mata buzu ɗaya kusurwar, na buɗe baki sai tsoron Allah ya kama ni, na haɗiye.

Abin da ya rage shi ne in tsaya gabanta in ce, Inna, ni na yi aikin, kuma ƙarya na yi. In faɗa wa matar da ban taɓa haɗa jimla uku da ita ba, in ƙwace mata kalma ɗaya tak ta yabo da ta taɓa yi mini. In na zo bakin ƙofar, na gan ta sunkuye kan rigata, hasken nan na rawa a bayan wuyanta, bulon siminti jeri biyar a bisa kanta, sai harshena ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutse. In ce ina kwana. Ta amsa wa bango. In tashi.

Abinci ya daina wuce mini. Ina ganin abin a idona da rana tsaka, ina kan babur: an taru a ƙofar gidana, ana fito da tabarmi, ana ce mini sai haƙuri, ƙaddara ce, ni kaɗai na san hannun da ya riƙe gudumar. Sau biyu na kusa shiga ƙarƙashin tirela a hanyar Gare.

Ranar da na bakwai ya tsage, biyu a lokaci ɗaya suka yi ƙara. Ban ko koma ɗaki canja riga ba, na nufi tasha na shiga motar Djougou. Wayar maso ta daɗe ba ta shiga, ga shi arba'in ta wuce bai dawo ba. Na same shi a gidansu, ashe wani aiki ya riƙe shi a can. Yana zaune gindin mangwaro da kwanon sakwara da wagashi, cukun nonon shanu, a gabansa. Na yi masa ta'aziyya a gurguje, ya ce in sa hannu, na ce alhamdu lillahi. Na fara kewaye-kewaye, wai wani abokina ne ya yi wani aiki.

"Abokin naka," in ji shi, "yana da tumbi? Yana tsalle kan gilashi a shagon mutane?"

Na sunkuyar da kai na zayyana masa komai. Da na zo kan soso da sirdin babur ya ajiye loma ya yi dariya har da tari, dariyar da ban taɓa jin ya yi ba. Da na zo kan lanton zane ya kira ƙanensa da Dendi ya maimaita masa, shi ma ya riƙe ciki.

"Patron, ai kai ne babban maso. Mu kankare muke wahalar zubawa, kai zana ta kake yi. To ɗakin me aka mai da shi, na ajiyar masara?"

Na ce, "Uwata ce a ciki. A ƙarƙashinsa take wuni."

Dariyar ta ɗauke kamar an kashe rediyo. Ya tambaye ni ina tsagar ta kai. Na ce ta kusa katako. Ya tambaya ko yashi na zuba. Na ce yana zuba. Ya tsame hannunsa daga kwanon, bai ko wanke da kyau ba, ya goge a wando ya miƙe.

"Katakon rufin nan ni na ɗora shi, kan wannan bangon yake. Yanzu gilashi ne ke riƙe da rufinka. Ka ga can?" Ya nuna gabas da haɓa. Sama ta yi baƙi ƙirin a ƙasa-ƙasa, hadarin farko na shekara. "In iska ta ɗaga kwano ta sake shi sau biyu, shi ke nan. Kira gida. Yanzu."

Na kira matata. A tsaye a tsakar gidan mutane na gaya mata babu wani mason Malanville, ni ne. Ta ce, "Inna lillahi. Malam, ka kashe mu." Na ce ta fitar da Inna ko ta halin ƙaƙa. Muna cikin mota, mun bar Djougou, ta sake kira tana kuka. Ta gaya wa Inna komai, ta roƙe ta, ta durƙusa. Inna ta ce ɗakin da aka ba ta da addu'a ba ta barinsa da saƙon waya. Wanda ya yi aikin ya zo ya faɗa da bakinsa. Matata kuwa suruka ce, ba ta iya sa hannu ta ja ta.

Ban taɓa ganin hanyar nan ta yi tsawo kamar ranar ba. Mu shida a baya an matse mu, wata mata da kajinta a cinyata. Direba ya tsaya ɗaukar gawayi, ya tsaya gaisawa da wani, ya tsaya zuba ruwa a inji. Ni da na shekara talatin ina ce wa fasinja su yi haƙuri, ranar na ji abin da suke ji. Hadarin yana gabanmu, muna shiga cikinsa. Itatuwan kaju, wato yazawa, na bakin hanya sun fara kwantawa suna tashi. Maso ya zuba wa hadarin ido, leɓensa na motsi da addu'a. Wannan addu'ar tasa ta fi zagi tsoratar da ni.

Mun sauka Tourou iska na kwasar ledoji tana kai su sama. Maso ya tsaya wajen masu sayar da itacen gini ya ce in yi gaba, yana tafe da sandunan tokara. Na shiga gida da gudu, ni da rabona da gudu tun ina bin motoci. Kwanon rufin yana ɗagawa yana faɗuwa, bam, bam. Matata na tsaye bakin ƙofar Inna, ta ɗora hannu biyu a ka.

Inna na nan inda take. Hasken ya dushe ya zama ruwan toka, ta matso da rigar dab da idonta tana ɗinki. Yashi na zubo mata a kafaɗa siriri kamar ana tankaɗe.

Jiki ya saba, sai na tsinci kaina a durƙushe bakin ƙofa, ina ce wa matata, "Ki gaya wa Inna..."

"Ba ruwana," in ji ta. "Ga ka ga ta."

Na ja gwiwa na shiga ciki. Ban taɓa wuce dokin ƙofarta ba sai ranar. Na ce, "Inna." Muryata ta fito kamar ta ɗan akuya. "Inna, ni na fasa bangon nan. Ba magini ba ne. Abin da aka ce in sa ban sa ba, na zana shi da filasta don a ce na sa. Ba gara, ba maciji, likita bai ce komai ba. Bangon zai faɗo. Ki yafe mini, ki tashi."

Ba ta ɗago ba. Ta ja zare ta ce da bangon, "Ai bango ya daɗe yana faɗa. Makauniya ce ni, ba kurma ba. Tara na ƙirga."

Ni bakwai na sani.

Matata ta ce daga ƙofa, "To Inna, kin sani kika zauna?"

"Wanda ya ba ni ɗaki bai ce in tashi ba. Maganar maciji ya aiko mini."

Sai iska ta ɗaga rufin gaba ɗaya ta sake shi. Na ji ƙas, ƙas, wani ɓallin filasta kamar faifai ya faɗo ya fashe kusa da gwiwarta. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na sa hannu ɗaya a bayanta ɗaya ƙarƙashin gwiwoyinta na sure ta. Ba nauyi ko kaɗan, kamar damin kara. Rabon da jikina ya taɓa nata tun ban san kaina ba. Ina tsallake dokin ƙofa na ji ta damƙi wuyan rigata, ta sa baki dab da kunnena.

"Kai! Sauke ni, ɗan nema. Ka bar mini allurata a can."

Kai ta ce. Ni ta ce wa, ba bango ba, ba matata ba. Na tsaya a rumfa da ita a hannu, ruwa ya ɓarke, na rasa ko in sauke ta ko in ci gaba da riƙewa, har sai da matata ta shimfiɗa tabarma ta ce, "Malam, ajiye ta mana."

Bangon bai faɗi ranar ba. Maso ya iso jiƙe sharkaf, ya tokare katakon rufin da sanduna huɗu daga ciki, ya hana kowa shiga. Washegari ya sa ƙarfe ya zare bulon gilashi ɗaya daga jerin sama, ɗaya tak, ya ja da baya. Jeri biyu na bulon siminti suka sauko tare da lantona, suka zube daidai inda buzun yake. Ƙurar ta daɗe ba ta kwanta ba. Maso ya tono rigar daga ƙarƙashi ya kaɗe ya miƙo mini, allurar na soke a wuyanta, ta lanƙwashe.

Sati uku Inna ta yi a ɗakin matata. Aka zuba lanto ta gaske, na ga rodin da idona, aka bar ta ta bushe, kullum ni ke yayyafa mata ruwa safe da yamma, aikin da maso ya ce shi kaɗai ya yarda in taɓa. Tara daga gilashin suka tsira, aka ciko sauran. Gwangwanin robobi ya fito daga inda na ɓoye shi. Soso sabo aka sayo, don na ce na sirdi ya riga ya saba da ni. Da aka gama maso ya kama yatsana ya danna shi a gefen tagar, na ji wurin yana lotsawa yana dawowa. Ya ce, "Ka ji? Nan yake numfashi."

Ranar da Inna ta koma na zo gaisuwa da hantsi, ina tunanin ko yanzu an buɗe hanya, za a riƙa ce mini kai. Na durƙusa na ce ina kwana. Ta amsa wa bango. Tana zaune a hasken, rigar a cinyarta, sabuwar allura a hannu. Na yunƙura zan tashi sai ta ce da matata, "Ki gaya wa mutumin nan, in zai sake ɗaukar mutum ya koyi ɗauka. Ni ba buhun albasa ba ce a Gare."

Matata ta juyo ta maimaita mini kalma da kalma, kamar ban ji ba. Na ce ta gaya wa Inna na ji.